Yadda za ka canza tif ɗin sandar sinuka da hannunka, da lokacin da ya fi kyau ka biya gwani

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu gidajen sinuka da 'yan wasa: tif, wato guntun fatar da ke bakin sanda, ya cire ko ya cinye, in manna sabo da kaina ne ko in nemi mai gyara? Amsata ita ce, in sandar haya ce ta gidan wasa, ko sandarka ce mai matsakaicin kuɗi kuma zoben bakinta lafiya lau, yi da kanka. Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. In kuwa zoben ya tsage, ko tif ɗin da ka saya mai tsada ne, ko sandar ta kabon ce ba ta katako ba, kai wa wanda yake da injin aikin. A nan ƙasa ga yadda ake yi daki-daki, da wuraren da aka fi yin ɓarna.

Fara duba irin bakin sandarka

Ba kowane tif ake mannawa ba. Yawancin sanduna masu araha da ake sawo wa gidajen wasa suna zuwa da tif mai kusa: an riga an manne fatar a kan ɗan ƙarfe mai zare, ana murɗa shi ya shige cikin zobe. Wannan ba ya buƙatar jagora. Warware tsohon, murɗa sabo mai faɗi ɗaya da zare iri ɗaya, shi ke nan. Akwai kuma mai hula, wato ɗan kwanson roba da ake turawa ya rufe bakin sandar gaba ɗaya. Duka biyun suna rage wahala, amma ba sa ba da bugu mai daɗi, kuma mai kusa yana yawan sassautawa a tsakiyar wasa.

Wanda muke magana a kansa shi ne na uku: fata zalla da aka manna da gam a kan zobe. Zoben fari ne na roba mai tauri a sandunan ful (ɗan'uwan wasan sinuka) na Amurka, na tagulla ne a sandunan sinuka. Aikinsa ya hana katakon tsagewa in an yi bugu. Ka riƙe wannan tun yanzu: tif abu ne mai ƙarewa, zobe da katako ba haka ba. Duk gargaɗin da za ka gani nan gaba a kan kare su ne.

Ya isa canji kuwa?

Mutane da yawa suna yanke tif ɗin da bai mutu ba. In samansa ya yi sheƙi ya daina riƙe alli, sanda tana zamewa a jikin farar ƙwallo, ɗan karce shi da sanfefa kawai yake so. In ya baje gefe har ya fi zobe faɗi, fere gefen ake yi. Canji yana wajaba ne a hali uku: tsayin gefen fatar ya ragu zuwa wajen milimita 1, ko ta tsage ko wani ɓangare ya ɓalle, ko kuma ta fara ɗagowa daga zobe. Wannan na ƙarshe kunne ne yake fara kama shi, za ka ji bugun yana wani ƙas-ƙas maimakon sautin da ka saba. In ka ci gaba da wasa da tif ɗin da ya cinye, ƙarfin bugu yana sauka kai tsaye a kan zobe, wata rana ya tsage, ko gefensa ya karce ƙwallo, ko ya yaga kyallen tebur. Kuɗin kyalle ya ninka na tif sau da yawa.

Sayen tif

Auna faɗin zobenka da ma'auni mai milimita kafin ka fita. Sandar sinuka ta gaske, wadda ake buga ƙwallaye masu milimita 52.5 da ita, bakinta yana tsakanin milimita 9 zuwa 10. Ta ful ɗin Ingila takan fi haka siranta, 8 zuwa 9. Ta ful ɗin Amurka, mai ƙwallaye masu lamba da suka kai milimita 57, tana tsakanin 12 zuwa 13. Sayi tif wanda ya ɗara zobenka da wajen milimita ɗaya: zobe mai 9.5 ko 10 a sa masa 11, mai 13 a sa masa 14. Masu cewa su sayi daidai wa daida don su huta da firar gefe su ne suke shan wahala, domin gam ba ya ba ka lokacin daidaita shi a tsakiya cif, kuma in ya karkace ko da kaɗan ne babu abin da za ka rage.

Tif iri biyu ne. Akwai mai fata ɗaya da aka matse, irin su Elk Master, Triangle da Le Pro, dukkansu na kamfanin Tweeten da ke Chicago a Amurka, da Blue Diamond na Brunswick. Elk Master mai laushi ne, launinsa shuɗi-shuɗi, 'yan sinuka sun daɗe suna amfani da shi. Triangle da Le Pro sun fi shi tauri. Sai mai hawa-hawa, wanda aka jera siraran fatu aka manne su, irin su Kamui da Moori na Japan. Waɗannan sun fi riƙe siffarsu, sun fi daɗewa, sun kuma fi tsada nesa ba kusa ba.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa maka shi ne, yawancin masu hawa-hawan nan, har da Kamui da Moori, da fatar alade ake yin su. Wanda abin ya dama ya tambaya kafin ya biya, ko ya tsaya a kan masu fata ɗaya. Sannan jabun Kamui sun cika kasuwannin intanet. In ka ga ana sayar da shi a kuɗin Elk Master, ba shi ba ne.

Batun tauri kuwa: mai laushi yana kama farar ƙwallo da kyau, amma yana saurin bajewa, yana son gyara akai-akai. Mai tauri yana daɗewa, amma yana hukunta wanda ba ya sa alli. A sandar haya da kowa yake ɗauka ya fasa ƙwallaye da ita da iya ƙarfinsa, ni matsakaici ko mai tauri nake sawa. Ga mai koyon canzawa kuma, sayi masu araha guda uku ko huɗu, don na farko ba lalle ya yi kyau ba.

Kayan aiki

Sabuwar reza mai baki ɗaya ko wuƙar yankan kwali da sabon baki. Sufa gulu mai kauri, wanda aka rubuta jel a jikinsa, kamar na Loctite. Sanfefa kala uku: mai lamba 120, mai 240, da mai 600. Tef ɗin takarda irin na masu fenti. Ɗan guntun gilashi ko tayil mai santsi. Katako mai laushi da za a yi yanka a kansa. Fensir. Guntun fata, wanda kowane shumeka zai ba ka kyauta. Sai ɗan bututun roba irin wanda masu wayarin suke zura waya a ciki, mai milimita 20, tsawon yatsa, a tsaga shi biyu a tsaye.

Kar ka yi amfani da farin gam na kafinta, ba ya kama roba ko tagulla. Gam ɗin takalmi mai danƙo yana barin laushi tsakanin fata da zobe, bugu ya riƙa yin lumus. Sufa gulu mai ruwa-ruwa na shagon unguwa yana iya yi in babu wani, amma akwai dabarar da sai ka bi, tana mataki na 5.

Mataki na 1: Naɗe zobe

In sandar mai haɗi biyu ce, warware ta ka ɗauki rabin gaba kawai. Naɗa tef ɗin takarda a jikin zobe sau biyu, gefen tef ɗin ya tsaya daidai bakin zobe, ya kuma sauko ya rufe ɗan katakon da ke ƙasa. Wannan ne zai tare gam da kuskuren reza.

Mataki na 2: Cire tsohon tif

Kwantar da sandar a kan tebur, ka sa reza a jikin fatar, sama kaɗan da inda ta haɗu da zobe. Danna a hankali kana mirgina sandar, rezar tana shiga kaɗan-kaɗan har tif ya faɗi. Za a bar ɗan siririn sauran fata a kai, haka ake so.

Gargaɗi: kar ka cusa reza a daidai mahaɗar don ka gama da yanka ɗaya. A nan ake gutsure bakin zobe. Kar kuma ka kama tif da filaya ka murɗe, yana iya tafiya da zoben ko ya sassauta shi. In ka tarar da wani siririn faifai ja ko baƙi tsakanin fata da zobe, ba datti ba ne, matashi ne da aka sa don kare zoben. In bai lalace ba bar shi, ka manna a kansa.

Mataki na 3: Daidaita fuskar zobe

Nan ne aikin yake. Kusan duk tif ɗin da ya cire bayan kwana biyu, ana ɗora wa gam laifi, alhali fuskar zoben ce ba ta kwanta ba.

Tsayar da sandar baki sama, ka riƙe ta tsakanin gwiwoyinka. Kwantar da bakin reza a kan fuskar zobe, ka riƙa kankarewa daga tsakiya zuwa waje, kana juya sandar kaɗan bayan kowace kankara. Kankara ake yi, ba yanka ba. Ci gaba har sai sauran fata da busasshen gam sun tafi, ka ga fuskar zoben da katakon da ke tsakiyarsa tas. Wasu zobban a rufe suke, ba za ka ga katako ba, babu laifi.

Daga nan shafa fensir a duk fuskar. Manna sanfefa mai lamba 240 a jikin wani abu mai tauri da ya kwanta sosai, ɗora shi a kan fuskar, ka danne da yatsa ɗaya a daidai tsakiya, ka juya sandar da ɗaya hannun. Sandar ce take juyawa, sanfefa tana tsaye. Bayan 'yan juyi ɗaga ka duba. Inda fensir ya goge tudu ne, inda ya rage kwari ne. In ya goge ko'ina lokaci ɗaya, ka gama.

Gwaji na ƙarshe: ɗora bakin reza a tsaye a kan fuskar, ka ɗaga wajen haske. In haske yana ratsawa ta gefe, ka cinye gefen, fuskar ta yi tudu a tsakiya. Tif ɗin da aka ɗora a kan irin wannan yana lilo, gefensa ba ya samun gam, bugu ɗaya na gefe ya fizge shi.

Gargaɗi: kar ka riƙe sanfefa a tafin hannu ka riƙa gogawa. Tsokar hannu tana lanƙwasawa, ita ce take cinye gefe. Kar kuma ka yi ta ci don neman kyau, duk abin da ka cinye daga zobe ba ya dawowa. Tweeten suna yin wani ɗan abin goge bakin sanda da ake ɗaurawa a jikinta, yana riƙe sanfefa a miƙe. Mai gidan wasa da yake da sanduna da yawa, in ya samu ya saya, zai huta.

Mataki na 4: Shirya bayan tif

Ɓangaren da ya kwanta shi ake mannawa, mai ɗan tudu shi ne sama. A masu hawa-hawa duka ɓangarorin suna iya kama da juna, don haka duba jikin tif ɗin ko kwalinsa, yawanci ana nuna ɓangaren gam.

Shimfiɗa sanfefa mai lamba 120 ko 240 a kan gilashin nan. Ɗora bayan tif a kai, danne da yatsa ɗaya, goga sau uku ko huɗu, juya shi kaɗan, sake gogawa. Abin da ake nema sheƙin bayan ya tafi, fatar ta yi ɗan kaushi iri ɗaya ko'ina. Hure ƙurar. Daga nan kar yatsanka ya sake taɓa wannan fuskar ko fuskar zobe, maiƙon hannu yana hana gam kamawa. Ɗora tif ɗin a kan zobe babu gam, ka ɗan murza. In ya zauna daram babu lilo, wuce gaba. In yana lilo, koma mataki na 3.

Mataki na 5: Mannawa

Ɗigo ɗaya na gam ya isa, a tsakiyar bayan tif. Baza shi da tsinke har ya kai ko'ina, musamman gefe. Ɗora a kan zobe, ɗan murza shi kwata don gam ya bazu, duba ta kowane ɓangare ka tabbatar fatar ta ɗara zobe daidai wa daida, sannan ka danna da babban yatsa da ƙarfi na minti ɗaya cur. Ɗan gam zai fito ta gefe, alama ce mai kyau, tef zai tare shi.

In gam mai ruwa ne a hannunka, fata za ta shanye shi kafin ka ɗora, ka ƙare da mahaɗa busasshiya. Dabarar ita ce ka fara shafa siririn gam a bayan tif ka bar shi ya bushe sarai, ka ɗan goga a sanfefa ya sake kwanciya, sannan ka sa ɗigo na biyu ka manna. Na farkon ya toshe ƙofofin fatar.

Sufa gulu da laimar iska yake kamawa. Da damina yana kamawa nan take, ba ka da lokacin gyara zama, don haka ka daidaita hannunka tun kafin fata ta taɓa zobe. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, yana jinkiri. Huci ɗaya na baki a fuskar zobe kafin ka ɗora yana taimakawa, kuma ka ƙara lokacin dannawa.

Gargaɗi: kar ka goge gam ɗin da ya zubo da auduga ko gefen rigarka. Sufa gulu in ya haɗu da auduga yana yin zafi har ya ƙona fata. Yi amfani da guntun takarda. Kar kuma ka kusantar da asiton, wato ruwan goge jan farce, ga zoben roba. Yana narkar da gam, amma yana iya cin zoben da fentin sandar.

Mataki na 6: Bar shi ya kama

Juya sandar baki ƙasa, tif a kan katako, ka jingina ta a tsaye a lungu yadda nauyinta zai danne shi. Ko ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, ta bi ta saman tif ta sauko gefe biyu, ka naɗe da wata. Kwata na awa shi ne mafi ƙaranci kafin a sa reza. Awa ɗaya ta fi. Mai gidan wasa ya yi mannawarsa da dare bayan an tashi, ya yi firar gefe da safe.

Mataki na 7: Fere gefe

Sa sabon bakin reza, ba wanda ka kankare gam da shi ba. Reza mai dakushi ba ta yanka fata, yagarta take yi, kuma tana sa ka ƙara ƙarfi har hannu ya kuɓuce.

Sandar tana tsaye baki ƙasa, tif a danne a kan katako. Cire tef ɗin, ko ka bar zagaye ɗaya in hannunka bai saba ba. Kwantar da jikin reza a jikin zobe, zoben ya zama jagora, ka tura ta ƙasa ta yanki siririn gefen fata har ta taɓa katako. Juya sandar kaɗan, sake yanka. Siriri-siriri, kamar mai feraye rake, ba gunduwa-gunduwa ba. Zagaye na farko zai bar tif ɗin da kusurwoyi, na biyu da na uku su share su.

Gargaɗi: jikin reza ne yake kwanciya a zobe, ba bakinta ba. In ka karkata bakin ciki za ka sassaƙi zobe, ko ka ci gindin tif ya zama ƙasansa ya fi samansa siranta. Kullum yanka yana tafiya daga zobe zuwa katako, tif a danne. In ka yi yanka sandar tana sama babu abin da ya tokare fatar, kana ɓamɓare abin da ka manna ne. Yatsun hannun da ke riƙe da sanda su kasance sama da reza.

In ya rage ɗan kaɗan, naɗa sabon tef a zobe, ka ɗauki siririn yankin sanfefa mai lamba 600 ka zagaya gefen fatar kana juya sandar. Zoben tagulla in ya ɗan karce yana gogewa da sanfefa mai laushi sosai. Na roba in ya karce, alli yana shiga ciki ya zauna shuɗi har abada. Kar ka bari sanfefa ta sauka kan katako: kowace guga tana rage kaurin sandar, kuma garin gyaran gira ake rasa ido.

Mataki na 8: Fitar da siffa

Sabon tif yakan yi tsawo. A sandar sinuka tif mai tsawo yana yin laushi da yawa, yana kuma saurin karkacewa, don haka rage shi da sanfefa mai lamba 120 har tsayin gefen ya dawo wajen milimita 3 zuwa 4 kafin ka fara lanƙwasa saman.

Saman tif tudu ne mai zagaye, ba a kwance ba, ba kuma mai tsini ba. 'Yan ful na Amurka suna auna lanƙwasar da tsabar kuɗinsu biyu, ɗaya mai faɗin wajen milimita 21, ɗaya wajen 18. Na farkon ya fi yafiya ga mai koyo da sanda mai kauri. Na biyun ya fi dacewa da siririyar sanda da mai son juya farar ƙwallo. Bututun wayarin ɗin nan da ka tsaga, cikinsa yana kusa da nan. Manna sanfefa mai lamba 240 a cikin kwarinsa, ka samu abin siffantawa da kusan kyauta.

Riƙe sandar baki sama. Goga daga tsakiyar tif zuwa gefe, hannu yana gangarowa ƙasa, ɗaga, juya sandar, sake gogawa. Hanya ɗaya kawai. In ka riƙa kai da komowa, dawowar sama tana tayar da zaren fata, a mai hawa-hawa kuma tana iya raba hawan. Bayan kowane zagaye biyu ɗaga sandar wajen haske ka juya ta a hankali. Ƙololuwar tudun ta tsaya a tsakiya, kar ta riƙa yawo. Bar saman da ɗan kaushinsa, shi ne yake riƙe alli.

Mataki na 9: Murje gefe

Mutane da yawa suna tsallake wannan, sannan su yi mamakin tif ya baje cikin mako. Jiƙa yatsa kaɗan ka shafa a gefen fatar kawai. Naɗe da guntun fatar shumeka, ka murza da sauri har ka ji ɗumi. Gefen zai yi duhu, ya yi sheƙi, ya yi tauri. Ruwa kar ya taɓa saman tif, kar kuma ya yi yawa har fatar ta kumbura.

Mataki na 10: Alli da gwaji

Shafa alli a hankali, shafawa ake yi ba huda ba. Fara da bugun tsakiya mai sauƙi, sannan ka gwada na ƙasa mai jawo fara baya. Saurari sautin. Kar ka fasa ƙwallaye da ita a ranar. Tif mai laushi zai zauna ya ɗan baje bayan kwanaki kaɗan na wasa, wannan ba aibi ba ne. Maimaita mataki na 7 zuwa na 9 a taƙaice, daga nan yakan tsaya.

In ya cire a kwanakin farko, duba bayansa kafin ka jefar. Gam a tsakiya kawai, gefe babu: fuskar zobe ta yi tudu. Bayan fatar a bushe babu alamar gam: fata ta shanye. Gam ya rabu da zobe tas yana sheƙi: akwai maiƙo ko tsohon gam da ba a kankare ba.

Inda ya kamata ka biya gwani

Abin da gwani ya fi ka da shi injin juyi ne. Yana ɗaure sandar tana juyawa, ya share fuskar zobe ta miƙe cif cikin daƙiƙu, ya fere gefen fata daidai da zobe ba tare da ya taɓa shi ba. Matakai biyun da hannu ya fi kuskure a cikinsu, na 3 da na 7, su ne inji ya fi iyawa.

Kai masa in zobe ya tsage, ko yana juyawa, ko ya fita. Canza zobe yana buƙatar a gyara ɗan katakon da yake shiga cikinsa, wannan ba aikin reza ba ne. Kai masa in fuskar zobe ta riga ta karkace sosai daga gyaran baya. Kai masa in sandar ta kabon ce, irin Revo ta kamfanin Predator, domin abin da ke bakinta siriri ne ƙwarai, kuskure kaɗan ya kai ga jikin kabon ɗin. Haka sandunan katako masu tsada da aka rarake cikin bakinsu don rage nauyi. Haka sandar fasa ƙwallaye mai tif na roba mai tauri, wanda reza ba ta yanka shi. Tif mai hawa-hawa kuma, in ba ka taɓa yin aikin ba, kar ya zama shi ne na koyo.

Ga lissafin kuɗi. Elk Master da ire-irensa ana sayar da su a kwali mai guda 50, kowane ɗaya yana tashi wajen dala ɗaya ko ƙasa da haka. Kamui ɗaya yana kaiwa dala 20 ko fiye. A Amurka ladan sawa yakan kama daga dala 10 zuwa 20 ban da kuɗin tif. A nan gida farashin kayan yana bin canjin dala, ladan aiki kuma ciniki ne, amma ma'aunin bai canza ba: in ka lalata tif mai araha ka yi asarar abin da bai taka kara ya karya ba, in ka lalata mai tsada ka yi asarar abin da ya fi ladan gwani. Mai gidan wasa da sanduna 10 ko 15 ba shi da dalilin biyan wani duk lokacin da tif ya cire. Kwali ɗaya, gam, reza, da yaron shago da aka zauna aka koya masa a kan tsohuwar sandar da ta lanƙwashe, sun ishe shi shekara. Mai sanda ɗaya da yake canza tif sau ɗaya ko biyu a shekara, hannunsa ba zai taɓa sabawa ba, shi biya ya fi masa.

Sai dai masu injin gyaran sanda ba su da yawa a garuruwanmu, kuma ba duk mai cewa ya iya ne ya iya ba. Sau da yawa wanda za ka samu shi ne mai ɗaura kyallen tebur, shi ma da hannu yake yi. Babu laifi in hannun ya ƙware. Tambayi 'yan wasan da suke da sandar kansu wa yake yi musu. In ka je, ce masa, "Malam, nuna mini wadda ka yi kwanan nan." Duba zobenta: akwai karce? Tambaye shi wane gam yake sawa, da yadda yake daidaita fuskar zobe. In ya ce gam ne kawai sirrin, ɗauki sandarka. Kar ka kai wa kafinta mai injin juya ƙafar kujera, haƙoran injinsa suna barin tabo a jikin sanda, kuma kar ka yarda a goge maka katakon da sanfefa da sunan wankewa. In tif mai tsada ka kawo, tsaya a sa shi a gabanka.

Kafin ka biya, bi da farce daga zobe zuwa fata: kada ya sarƙe a mahaɗa. Juya sandar wajen haske ka ga layin gam siriri ne iri ɗaya ko'ina babu rami. Duba tudun yana tsakiya. Tura tif ɗin ta gefe da babban yatsa da ɗan ƙarfi, in zai cire gara ya cire a shagonsa. Sannan ka roƙi alli ka yi bugu biyar ko shida a teburin da ke kusa.